Haƙoran Kaka Mero a Bakin Jikanta

Wanda bai taɓa ganin an yi wa mutum fashi ana dariya ba, bai zauna Tungar Mani ta kusa da Wagini ba a shekarar da ta biyo bayan Udoji. Ni mahauci ne, dangarmu ɗaya da gidan Malam Daudu, kuma abin da aka yi wa uwarsa Kaka Mero, rabi a kunnena aka yi shi, rabi a kan idona.

Kaka Mero tana da haƙora huɗu na gaba waɗanda ba Allah ne ya tsiro mata da su ba. Saniya ce ta harbe ta wurin tatsa ta zubar da nata. 'Yarta Zuwairatu, kafin mijinta ya ɗauke ta zuwa Ikko, ta kai ta Katsina wurin likitan haƙori. Likitan ya kama haƙora biyu masu lafiya, na dama da na hagun giɓin, ya goge su ya fiƙe su kamar turaku, sannan ya kawo jerin haƙoran da aka ƙera a haɗe ya kifa a kansu ya liƙe. Ya ce sunan abin gada, don turaku biyu ne ke ɗauke da ita. Ɗaya daga cikin huɗun na zinariya ne, don Zuwairatu mai son ado ce. Haƙoran tauna na can ciki sun daɗe da ƙare wa tsohuwar, saboda haka da wannan gada take cin goro, da ita take yagar nama, da ita take zagi har a gane abin da ta ce. Likita ya ja kunne: in ta taɓa ɓallewa, a mayar masa cikin mako guda, kada turakun su zauna tsirara.

Ran cika-ciki aka dafa wutsiyar ragon layya da aka ajiye tun Sallah, kamar yadda ake yi. Kaka ta ciji ƙashi, gada ta ɓalle. Ba ta karye ba, lafiyarta lau. Ta wanke ta, ta sa a ƙoƙo da ruwa, ta ajiye bakin ƙofar ɗaki, da nufin ran kasuwar Batsari ta hau mota zuwa Katsina.

Da hantsi sai ga Salmanu, jikanta, ɗan Malam Daudu. Mutum ne mai shekara talatin, masinja a wani ofis a Safana. Da aka ba su kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya sayi babur, kwana uku da saye ya yi karo da jaki a hanyar Darini. Jaki ya tashi ya karkaɗe kunne ya ci gaba da kiwo, Salmanu ya tashi babu haƙoran gaba. Tun daga ranar yake magana hannu a baki kamar sabuwar amarya.

Ya shigo yana cewa, "Ina matata? A fito a sallami maigida, yau ranar shara ce."

Kaka ta leƙo, gefen mayafi a baki, ta ce, "Ja'iri, mijin da bai taɓa cefane ba. Mi zan ba ka? Tahi ka karɓa wurin jakin da ya kayar da kai."

Matan gida suka kwashe da dariya. Haka ake yi, kaka da jika abokan wasa ne, kuma a watan nan kowa na iya wafce kayan abokin wasansa sai an fanshe. Idon Salmanu ya faɗa cikin ƙoƙo. Ya ga zinariya tana ƙyalli a ƙarƙashin ruwa. Ya sa yatsu biyu ya tsamo.

"To na kama wannan. Sai kin fansa."

"Kai, aje! Wanga ba abin wasa ba ne."

"Da miji da mata akwai nawa da naki?"

Ya jefa aljihu, ya hau babur, ya bar mata ƙoƙo da ruwa.

Da yamma ta aika masa da kaza ta fansa. Ya ci kazar, ya ce ƙarama ce. Ta aika da ƙwaryar fura da nono. Ya shanye, ya ce nonon ya yi tsami. Ran kasuwar Batsari ta zo ta wuce. Ran Litinin na ga Salmanu ya fito zai tafi aiki, ya ɗaga mini hannu ya washe baki, sai ga haƙoran Kaka Mero suna gaishe ni. Da ƙaro ya liƙe su, irin wanda yara ke ɓamɓarowa jikin farar ƙaya. Kaka mace ce mai faɗin baki, shi kuwa bakinsa tsukakke, don haka leɓensa ya kasa rufuwa, ya koma kamar zomo ya hango gonar wake. In ya ce "sannu" sai fito ya riga gaisuwar fita, har karnuka su ɗago kai.

A Safana aka ga zinariya a baki, aka ce ai haƙorin Makka ne. Masu shayi suka fara ce masa Alhaji. Na tambaye shi yaushe ya hau jirgi, ya ce, "Baba, ni ban ce na je ba. Ban kuma ce ban je ba. Mutum ya riƙa gyara wa jama'a zance, ai rashin ladabi ne."

A gida kuwa turakun nan biyu suna tsaye tsirara cikin sanyin hunturu. In Kaka ta kurɓi ruwan randa sai ta riƙe kai da hannu biyu, hawaye na bin kumatu. In ta kurɓi kunu mai zafi haka. Tsininsu ya riƙa sukar leɓenta na ƙasa har ya yi gyambo. Goro sai ta goga a magogi ta zuba garin a harshe, ta ce cin goro da magogi kamar a ba ka labarin biki ne.

Mai raba wannan rigima ɗaya ne, Malam Daudu, ɗanta, uban Salmanu, mai gidan. To amma shi ne ɗan farinta. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayar da ido a kansa ta yi masa magana ba, saboda kunya. Tana da wani ɗan rago da take kiwo don layya, ɗaure a gindin dalbejiya a tsakar gida. In Malam Daudu ya zauna yana alwala, sai ta jawo kwanon dusa ta tsuguna gaban ragon ta ɗaga murya.

"Kai dai ka ji daɗi, haƙoranka na bakinka. Akwai gidan da ake kwashe na tsohuwa, mai gidan na zaune yana wanke ƙafa."

Malam Daudu ya dubi buta, shi ma ya ba buta amsa. "Ai ni ba na shiga tsakanin jika da kaka. Wanda ya shiga shi ke jin kunya. Yau su yi faɗa, gobe ka gan su suna cin goro tare."

Kaka ta ce wa rago, "Tambaye shi, da wane haƙori?"

Rago ya ci gaba da cin dusa. Malam Daudu ya ce za a tayar da salla, ya fita.

Surukarta Bara'atu, uwar Salmanu, ita ce ta fi kowa samun sauƙi. Da can sai ta ware wa tsohuwa tsoka mai kyau a miya, yanzu kuwa ludayi biyu na kunu ya raba su. Na ji ta ta danga tana gaya wa matata, "Wallahi kunun nan ya karɓi Inna. Dubi yadda jikinta ya yi sauƙi. Da can nama ke sa mata ciwon gwiwa." Jikin ya yi sauƙi kam. Warwaron da ke hannunta, wanda a da sai da sabulu ake cire shi, ya fara zamewa har gwiwar hannu.

Da bazara ta kama, Kaka ta ɗauki sanda ta tafi ƙofar mai gari. Ina wurin, na kai masa ƙaurin sa. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta faɗi ƙararta. Rashin haƙori ya sa maganar tana fita da iska, rabi a ji, rabi a cinta. Fadawa suka fara danne dariya.

Mai gari ya ce, "Wa ya ɗauka, Inna?"

"Salmanu, ranka ya daɗe."

"Salmanu na wa?"

Ga tsohuwa ba ta iya faɗin sunan uban. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na gidanmu."

Wani bafade ya ce, "Jikanta ne, ranka ya daɗe. Angonta."

Mai gari ya yi dariya har rawani ya karkace. "Haba Inna! Ƙarar miji kika kawo? To ni ba na raba aure. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

"Harshen ya rage gare ni, ranka ya daɗe, haƙorin na Safana."

Nan fada ta kece. Wani ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Mai gari ya ce wallahi tsohuwar nan akwai ban dariya, ya sa aka kawo mata ruwan sanyi ta sha don ta sha rana. Ta kurɓa don kada ta ƙi kyautar sarki. Ruwan ya taɓa turaku, ta yage baki saboda azaba, ido a rufe. Bafaden ya nuna ta ya ce, "Ga ta nan ma tana dariya, ranka ya daɗe." Aka ba ta goro biyu manya aka sallame ta.

Ta ce to a rubuta wa Zuwairatu wasiƙa. A duk unguwar mai boko ɗaya ne, Salmanu. Ya zo da takarda da biro, ya zauna kan turmi, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Kaka ta ce, "Rubuta. Ka ce mata haƙorana na bakin wani ɗan banza."

"Na rubuta."

"Ka ce wata huɗu rabona da tuwo mai tauri. Ka ce ta zo."

"Na rubuta, amarya. Har da gaisuwa na ƙara."

Bayan wata guda saƙo ya zo daga Ikko ta hannun wani direba: agogon hannu na maza, da 'yar takarda mai cewa Zuwairatu ta yi murna da jin Inna ta yi ƙiba, ga agogon da ta ce tana so. Kaka ta yi ta juya agogo a hannu. Salmanu ya ce tun da ba ta iya karatun lokaci ba, zai riƙe mata, duk sa'ad da take son sanin ƙarfe nawa ta aiko a tambaye shi.

Ƙaro dai ƙaro ne, ba ya jure shayi. Wata rana a ofis Salmanu ya sunkuya zai ajiye wa akawu fayil, haƙoran suka sulluɓo, ya cafe su a iska ya ce tari ne ya sarƙe shi. Ran Juma'a ya kai su maƙera wurin Sada, wanda ke yi mana wuƙaƙe. Ina zaune ana wasa mini gatari. Sada ya juya abin a tafin hannu ya ce, "Wannan na wane ne?"

"Na matata ne."

"To ba laifi."

Na ce, "Sada, matar nan da yake faɗi, ita ta haifi ubansa. Kada ka sa wa abin nan ƙarfe."

Sada ya ce shi aiki aka kawo masa, ba shari'a ba. Ya ɗauko magagari ya ci gefen dama, ya ci gefen hagu, ya gwada a bakin Salmanu kamar mai sa wa doki linzami, ya ƙara gogewa. Sannan ya lanƙwasa siririyar waya ya yi mata ƙugiya biyu da za su kama haƙoran gefe. Salmanu ya dubi fuskarsa a madubin babur ya ce yanzu ne abin ya samu mai shi.

Na riƙe masa kan babur na ce, "Kai yaro, ba ka jin tsoron Allah? Tsohuwar nan ƙarewa take."

Ya ce, "Baba, a duba da idon basira. Kaka ba ta zuwa ko'ina. Wa za ta yi wa murmushi, rago? Ni kuwa ofis nake, manya nake gani, sunan gidanmu nake ɗauke da shi. In na yi kyau ai ita ta yi kyau. Kuma aro ne, in aka yi mana ƙarin girma zan yi nawa in mayar mata."

"Likita mako guda ya ce."

"Likita ai ba ɗan garin nan ba ne, bai san wasanmu ba."

Na je wa Malam Daudu da kaina. Ya ce ya gode da kulawa, amma naman da na sayar masa ran Laraba ƙashi ya yi yawa. Maganar ke nan.

Damina ta faɗi, masara ta nuna. Duk yamma ƙanshin gashinta ya cika gidan, yara na ɓarza, Kaka na zaune bakin ƙofa da kofin kunu tana kallon bakinsu. Turken hagu ya yi baƙi. Kuncinta ya kumbura ya yi kamar ta ɓoye ƙwai, Bara'atu ta ce kun gani, ƙibar ta fara daga fuska. Aka shafa mata kanwa da man shanu. Da azumi ya zo kowa ya rame, sai aka samu sabon dalili: ai watan ne. Azumi ya wuce, kowa ya murmure, ita ta ci gaba da tafiya ƙasa. Zaninta sai ta naɗa shi sau biyu. Ragon kuwa ya cika ya batse, don duk tuwon da aka ajiye mata ta kasa ci shi take juye wa.

Ina jin ta kullum tana shafa wuyansa tana cewa, "Ci, ɗan albarka, ci. Ni zan ci ka. Da haƙorana zan ci ka, ko duniya za ta taru."

Ran Babbar Sallah ni na feɗe shi. Kitse kamar auduga. Ina cikin aiki ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta rage murya.

"Ɗan nan, a jikin rago ina ne ya fi tauri?"

Na ce, "Jijiyar wuya, Inna, da ta agara. Amma ke hanta ta kamace ki, in dafa miki ita luguf."

"Ba ni zan ci ba. Cire mini jijiyar, ka bar mata 'yar tsoka a sama ta rufe. Ka gasa sama-sama, kada wuta ta ratsa."

Ban tambaye ta dalili ba. Na zaɓo wadda ko kare sai ya yi shawara kafin ya kama.

Kashegari Salmanu ya gayyato mutanen ofis daga Safana cin naman Sallah. Akawu Malam Sammani ya zo da wasu mutum huɗu, mai gari ma ya leƙo da fadawa biyu. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure bayan azahar, ni ma ina ciki. Salmanu ya sha babbar riga, agogon Kaka a hannu, haƙoran Kaka a baki, yana ta "bismillah, bismillah" da fito. Shi bai ci ba. Wata goma sha ɗaya bai taɓa cin abu a gaban mutane ba, kullum sai ya ce ya riga ya ƙoshi.

Sai ga sallama daga ƙofar cikin gida. Kaka Mero ce, ta sha sabon zani, ta yi kwalli, kwano a hannu.

"Ina angona? An ce ya tara baƙi bai gaya wa amarya ba."

Zaure ya ɗauki dariya. Malam Sammani ya ce, "A'a, Alhaji, ashe da amarya ka ɓoye mana! Sannu Inna, barka da Sallah."

Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi iyali da gajiyar hanya, sannan ta zauna dab da Salmanu ta buɗe kwano. "Ragona ne, shekara guda ina kiwonsa. Na rantse ba mai fara taɓa wanga yanki sai mijina. Buɗe baki."

Salmanu ya ja da baya. "Na ƙoshi, Kaka."

"Ango na ƙoshi da abincin amarya?"

Mai gari ya ce, "Ba a yi ba! Karɓi, Salmanu. Wasan kaka ba a ƙin sa."

Gumi ya keto masa. Ya ce, "Wato, ranka ya daɗe, azumi nake."

Malam Sammani ya ajiye ƙashin da ke hannunsa. "Azumi? Kashegarin layya? Alhaji, a Makka aka koya maka wannan?"

Babu sauran mafita. Malam Daudu ya yi ƙasa da kai yana jan carbi. Kaka ta ɗauko yankin da hannunta ta kai masa baki, ta ce, "Ciza da gaba, yadda maza ke yi." Ya ciza a hankali. Ta riƙe ɗaya gefen da hannu biyu. Fadawa suka fara kirari, "Ja, ango! Ja, na Mero!" Ya ja, ta ja. Tsohuwar da iska ke iya kayarwa, ban san inda ta samo ƙarfin ba, sai da ta dasa ƙafa a cinyarsa. Jijiya ta miƙe kamar igiyar guga. Sai muka ji ƙaras. Kaka ta koma da baya ta zauna daɓas, nama a hannunta, haƙora huɗu a kafe cikinsa, waya na reto.

Salmanu ya rufe baki da hannun riga. Ɗaya daga cikin mutanen ofis ya leƙa ya ce, "Alhaji, Makkar taka ta fita."

Aka yi dariya har wani ya ƙware. Kaka ba ta yi ba. Ta zare haƙoran daga nama, ta jawo butar mai gari ba ta nemi izini ba, ta wanke su sau uku, ta warware wayar Sada ta yar. Ta ce, "Nawa ne. Likitan Katsina ya yi mini. Wata goma sha ɗaya suna yawon ofis." Ta juya gefe, ta buɗe baki, ta kifa.

Ba su zauna ba. Ta cire ta juya ta sake kifawa. Turken dama ya karkace ya bar wurinsa, na hagu ya ruɓe ya rage rabi, gefen gadar kuma magagari ya cinye. Ta danna da babban yatsa har jini ya biyo haɓarta. Ta saki, suka faɗo cinyarta. Sau uku tana gwadawa. Dariyar zauren ta yi ta raguwa har ta mutu, aka bar ƙarar ƙudaje kan nama.

Wanda ya fara magana Salmanu ne, ta bayan hannun riga, iska na fita ta giɓi.

"To Kaka, tun da bai shiga ba, miƙo. Kada a yi asara."

Malam Daudu ya gaya wa carbinsa, "Gaskiya kuma, abu mai zinariya, a ce ya zauna a banza."

Kaka ta dubi jikanta. Sannan, karo na farko tun da na san gidan, ta ɗaga ido ta dubi ɗan farinta, ta daɗe tana dubansa, har ya rasa inda zai sa fuska. Ta damƙe haƙoran a hannu, ta dafa sanda ta miƙe, ta shige cikin gida. Salmanu ya bi ta yana "Kaka, Kaka, amarya," mu ma muka leƙa ta ƙofa. Ta wuce ɗakinta, ta wuce madafa, ta shiga bayan gida, ta ɗaga murfin masai. Rami ne mai gaba biyar, ni na taya haƙa shi. Muka ji ƙarar faɗawar daga zaure.

Ta fito tana karkaɗe hannu ta ce, "Wasa nake, mijina. Ka fansa."

Baƙi suka tafi ba sallama mai tsawo. Kafin la'asar an ga Salmanu, babbar riga a naɗe a kafaɗa, da doguwar gora da ƙugiyar guga, yana durƙushe bakin rami. Kwana uku yana wannan aiki, bai samo komai ba sai sunan da ya bi shi har Safana, wanda ba zan rubuta ba.

Da direban nan ya kai labari Ikko, Zuwairatu ta zo ta yi kuka ta yi zagi ta ɗauki uwarta zuwa Katsina. Likita ya leƙa bakin ya ce an makara. Ya cire turakun biyu, ya ce babu sauran abin da za a ɗora wa gada. Da suka dawo, Bara'atu ta ce wallahi da sun san abin zai kai haka da sun yi magana. Malam Daudu ya ce ƙaddara ce. Mai gari ya ce ai da ta faɗa masa da gaske take da ya tsawatar. Sada ya ce shi da hannu yake aiki, ba da baki ba. Kowa ya wanke kansa tas, ruwan wankan ya ƙare a kan tsohuwa.

Ku da ke da tsofaffi a gida, ga abin da na gani. Al'ada ta ba jika bakin wasa, ta ɗaure wa uwa baki gaban ɗan fari, kuma ba don a cuci kowa aka yi su ba. Amma mugu ba ya rasa inuwar fakewa, kuma mu da ke gefe muna son dariya fiye da rigima. Gari guda ya ga mace tana narkewa wata goma sha ɗaya, kowa ya ce wasa ne, don in ya ce ba wasa ba ne sai ya tashi ya yi wani abu. Ni ma da na riƙe kan babur, sakinsa na yi. In ana wasa, ku duba fuskar duka biyun. In ɗaya ke dariya ɗaya na riƙe kunci, sunan abin ba wasa ba.

Naman ragon na ɗebi cinya na dafa, na daka a turmi na yi mata dambu mai laushi da man shanu, na kai mata da kaina. Ta ɗiba ta sa a baki, ta juya shi da harshe, ta haɗiye. Na ce, "Ya ya, Inna?"

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Amma turminka ne ya ci ragona. Ni saura ya ba ni."